Gonar da ke Jikin Bangon Asibitin Ido

Shekara ashirin da shida Rufe-Ɗaya ya yi yana aikin da za a iya koya wa mutum kafin shayinsa ya huce. Zai tsayar da kai a kan jan layin da aka shafa a ƙasa, ya taka zuwa allon haruffa, ya ɗaga 'yar sandarsa, ya ce, "Rufe ɗaya." Ka rufe ido ɗaya ka karanta. Ya ce, "Rufe ɗayan." Ka sake karantawa. Ya rubuta lamba biyu a katinka, ya tura ka benci ka jira likita. Iyakar aikin ke nan. Amma in ka ga yadda yake gyara wuyan farar rigarsa kafin ya ɗaga sandar nan, sai ka rantse shi ya koya wa likita karatu.

Sunan ya bi shi har gida. Mai kanti Rufe-Ɗaya yake ce masa, direbobin tasha haka, surukinsa ma haka, sai dai shi yakan maƙala "Baba" a gaba don kada a ce ba shi da kunya. Gajere ne mai ɗan tumbi, takalminsa kullum yana sheƙi, biro uku a aljihun gaba, ɗaya ne kawai yake rubutu. Bai yi nisa a makaranta ba. Yana saurayi ya shigo asibitin, aikinsa kai kati daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ranar da mai nuna haruffa ya yi fushi ya tafi, aka miƙa masa sandar aka ce ya riƙe kafin a samo wani. Har yau ana nema.

Ƙaramin asibitin ido ne a bayan tashar mota. In ka shiga, doguwar baranda ce a rufe, babu taga ko ɗaya, sai fitila a sama mai ƙyafce-ƙyafce kamar ita ma layi take bi. Benci huɗu ne, duk suna fuskantar bango ɗaya. A jikin bangon nan zanen yake.

Tsohon likitan da ya buɗe asibitin ne ya rataye shi. Girman zanen ya kai ƙofa in an kwantar da ita. In ka matsa kusa ba ka ganin komai sai ɗige-ɗige da shafe-shafen fenti, kore nan, rawaya can, ja, shuɗi, kamar an tsoma ƙafar kaji a gwangwani an sake su. In ka ja da baya taku takwas kuwa sai ƙauye ya fito. Gona ce cike da doguwar ciyawa da ta fara rawaya, jajayen furanni sun watsu a ciki, wata siririyar hanya ta ratsa tsakiya, can ƙarshe itace guda ɗaya mai duhun inuwa. Rana tsaka ce ta lokacin zafi, irin wadda iska ke rawa a kan ƙasa. Babu mutum a ciki, babu dabba, ko tsuntsu babu. Tsohon likita ya taɓa gaya masa cewa masu irin wannan zane ba abu suke zanawa ba, hasken da ya sauka a kan abu suke kamawa kafin ya gudu. Rufe-Ɗaya ya ce, "To, ranka ya daɗe." A ransa kuwa ya ce mai zanen ne ya fi kowa bukatar kati.

Sai dai zanen ya yi masa rana. Tsofaffi suna da wayo. Wanda ke tsoron a ce za a yi masa aiki a ido zai zauna bakin ƙofa ya kasa kunne, ya haddace haruffan daga bakin na gabansa, in an zo kansa ya zubo su tas har layin ƙasa, alhali sandar ma ba ya gani. An taɓa samun wata tsohuwa da ta karance allon duka tana fuskantar kabad. Don haka Rufe-Ɗaya ya fito da tasa dabarar. Kafin ya shigar da mutum ɗaki, sai ya tsayar da shi taku uku daga zanen, ya ce, "Baba, me ka gani?" A taku uku, mai lafiyar ido fenti kawai yake gani, zai ce, "Wa ya ɓata muku bango?" Wanda idonsa ya yi hazo kuwa, ɗige-ɗigen sun riga sun haɗe masa, zai ce, "Kai, gona ta yi kyau." Shi ke nan an kama shi, ko da ya haddace allon da na makwabta.

Amsa biyu ya sani har ya shekara huɗu yana wannan dabara. Ta ukun ta zo masa ne wata safiya, daga bakin wani tsohon kafinta mai yatsu tara.

"Baba, me ka gani?"

"Gona," in ji kafinta. Ya ɗan karkata kai. "To ita kuma me take yi a gonar mutane?"

"Wa?"

"Yayata mana. Ga ta can gindin itace. Ko takalmi ba ta sa ba."

Rufe-Ɗaya ya duba. Gindin itacen babu komai sai shafen shuɗi mai duhu da ɗan fari a gefe, kamar inda burushi ya zame. Ya yi dariya ya ce, "Sai ka gaishe ta, Baba." Ɗan kafintan da ya rako shi bai yi dariya ba. Ya matso ya raɗa masa cewa gwaggon tasa ta rasu tun kafin a haife shi.

An ba kafinta mako shida ya dawo a cire masa yanar ido. Ranar ta zo, ɗan ne ya zo shi kaɗai, ya maido kati, ya ce uban ya rasu.

Ta biyu da ta ga mutum a ciki wata malamar makaranta ce mai ritaya, wadda ta fara da gyara masa yadda yake riƙe sanda. Ita mijinta ta gani, marigayi, sanye da rigar da ta ce ta hana shi sawa tun yana da rai. Ita ma ba ta kai ranar dawowa ba. Rufe-Ɗaya ya daure ya kai maganar wajen tsohon likita. Tsohon ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari.

"Asibitin tsofaffi kake aiki, Rufe-Ɗaya. Ka tambaye su wa ya ga akuya a ciki, cikin waɗanda za su ce sun gani ma wasu ba za su kai baɗi ba."

Ya so ya yarda. Sai ga na uku, wani direban babbar mota, ƙato, bai kai shekara talatin ba, takardar gwajin ido kawai ya zo karɓa. Idonsa garau, babu ma wanda ya tambaye shi komai. Yana zaune a benci yana cin gyaɗa, sai ya daina tauna, ya karkata kai, ya ɗaga hannu sama kamar mai gaida wani a tsallaken titi. Ya ce da na kusa da shi, "Wancan ƙanena ne." Bayan wata biyu Rufe-Ɗaya ya kwafi adireshin da ke katin, ya bi sawu har gidan. Bai shiga ba. A bakin ƙofa ya tarar da motar an lulluɓe ta, tayoyinta sun fara sacewa, kuma mai shagon da ke kallon gidan ya gaya masa sauran.

Daga ranar ya daina tambayar kowa abin da ya gani. Amma masu gani ba sa jiran tambaya. Ya koyi gane su daga nesa: kai ya karkata, baki ya ɗan buɗe, hannu ya tashi a hankali. Mutum tara ya ƙirga a shekarunsa na aiki. Babu wanda ya wuce wata biyu a duniya.

Sau ɗaya ya yi ƙoƙarin sauke zanen. Lokacin hutun rana ne, baranda babu kowa. Ya hau benci, ya kama firam ɗin da hannu biyu. Zafi ya ji, irin na ƙarfen da ya wuni a rana, alhali rana ba ta taɓa leƙa barandar nan ba tun da aka gina ta. Ƙamshin busasshiyar ciyawa ya buge shi a fuska. Ya saki, ya sauko, ya tsaya yana duba tafin hannunsa. Washegari Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ga zanen ya karkace, ta ce wani zai iya jin ciwo, ta sa aka ɗaure shi da kusoshi huɗu. Ta ce marasa lafiya suna son sa, yana kwantar musu da hankali. Tun daga nan Rufe-Ɗaya bai ƙara kallon bangon ba. In zai wuce, sai ya kafa ido a kan katunan da ke hannunsa, kamar wanda ya haɗu da tsohuwar budurwarsa tana tafe da mijinta.

A gida bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki a bakin tagar falo. Shekara ashirin da takwas suna tare. Ita kaɗai ce a duniya ba ta ce masa Rufe-Ɗaya. "Dakta" take ce masa, da wata irin murya da ke sa ya gwammace ta zage shi kai tsaye. Shi kuma yana ce mata Shugaba, kuma ba wasa yake yi ba. 'Ya'ya huɗu suka haifa. Uku sun girma sun yi aure, ciki har da ta ƙarshen, Auta, wadda ke aiki a shagon sayar da waya. Na farin, namiji, ya rasu yana shekara biyar, zazzaɓin kwana uku. Har yanzu akwai wata 'yar riga da ba ta gama ɗinka masa ba a ƙasan akwatinta, da allurar a jiki.

Abin ya fara mata da ƙananan abubuwa. Ta riƙa bugun kafaɗa da bakin ƙofa. Ta ajiye almakashi a gefenta ta yi ta nema. Makwabta suka fara cewa matar Rufe-Ɗaya ta yi girman kai, ana gaishe ta daga gefe tana wucewa kamar ba ta ga mutum ba. Wata Asabar ta kifar da tukunya da gwiwar hannu, ta tsaya tana kallon ruwan yana bin ƙasa.

"Dakta, ka kai ni wurin aikinku a duba ni."

Ba allo ya gani a ransa ba, ba likita ba. Benci ya gani, da ita a kai, kanta yana karkata. Ya san wanda zai tsaya a gindin itacen nan babu takalmi. Ya kuma san ita ba ɗaga hannu kawai za ta yi ba, tashi za ta yi ta bi siririyar hanyar, ko waiwayowa ba za ta yi ba ta ce masa ya kashe murhu.

"Wane irin dubawa kuma, ga mai dubawa a gida?" in ji shi.

Ya samo kwali, ya zana haruffa layi-layi, manya a sama ƙanana a ƙasa, ya rataye a ƙofar kabad. Ya auna taku, ya ja layi da alli. Ya ɗauko muciya a madadin sanda.

"Rufe ɗaya."

"A gidan ma?"

"Shugaba, aiki aiki ne."

Ta rufe, ta karanta har ƙasa. Ta rufe ɗayan, ta sake karantawa, har ta nuna masa inda ya rubuta harafi ɗaya a baibai.

"Kin gani? Idonki ya fi na shaho."

"Shaho yana karo da ƙofa?"

"Gidan ne ya yi mana kaɗan. Na daɗe ina faɗa."

Ba ƙarya zalla ya yi ba, a nan matsalar take. Allon haruffa tsakiyar ido yake gwadawa. Abin da ke cin nata kuwa daga gefe yake ci, a hankali, yadda gara ke cin tabarma ta bar inda ake zama sai ƙarshe. Shi iliminsa a benci ya ƙare. Duk shekarun nan yana tura mutane ɗakin likita, bai taɓa tsayawa ya ga abin da ake yi musu da na'urar nan mai hura iska a ido ba. Abin da ya sani, wanda ya karanta layin ƙasa lafiyarsa ƙalau. Ya riƙe wannan da hannu biyu, don shi ne ya yi masa daɗi.

Ya kawo mata maganin ɗigawa na ƙaiƙayi. Da ta sake magana, ya ce likita ta yi tafiya. Bayan wata uku ya ce na'ura ta lalace. Sai ana fenti. Sai layi ya yi yawa, a bari a rage. Sau ɗaya ya ce su je babban asibitin da ke wani gari, tafiyar wuni guda.

"Mijina yana aiki a asibitin ido, in hau mota wuni guda in je na wasu? Sai a ce wani abu ka sata a naku. Ko ka sata ne?"

"Me zan sata, haruffa?"

"To a naku za a duba ni."

Haka aka ci shekara biyu. Duk bayan 'yan makonni yakan fito da kwalin, ta karanta masa har ƙasa, ya mayar da shi bayan kabad yana jin sanyi a ransa.

Ranar wata Lahadi ta fita sayen zare, mai babur ya taho ta hagunta tsakar rana, yana ta hon. Ba ta gan shi ba har sai da ya kwashe mata ƙafa. Gwiwa kawai ta kuje. Ta ce kada a gaya wa Dakta, zai fito da kwali. Auta aka gaya wa.

Litinin da safe Rufe-Ɗaya ya buɗe ƙofar ɗakin gwaji, kati a hannu, ido a ƙasa kamar kullum, ya kira lamba ta gaba. Takalmin ya fara ganewa. Shi ya kai shi gyara makon da ya wuce. Ya ɗaga kai.

Tana benci na farko, daidai tsakiya, jakarta a cinya. Auta na gefenta tana danna waya. Sun fi awa guda a wurin.

Ba irin kallon sauran mutane take yi wa zanen ba. Da yake abin da ya rage mata na gani bai fi bakin kofi ba, sai ta bi shi kaɗan-kaɗan da kai. Ta fara daga kusurwar ƙasa inda jajayen furanni suke. Ta hau siririyar hanyar. Ya tsaya yana kallon kanta yana tafiya a hankali, kamar mai bin ɗinki da ido, sama, sama, ta ɗan kauce inda hanyar ta kauce. Fitilar baranda ta ƙyafta. Wani tsoho yana ta miƙa masa kati yana cewa, "Ɗana, ni ne," bai ji shi ba. Sai kanta ya iso gindin itacen, ya tsaya.

Kan nata ya daɗe a wurin. Hannuwanta ba su tashi ba. Suna kan jakar, sun damƙe maɗaurin har jijiyoyi sun fito. Bakinta a rufe. Rufe-Ɗaya ya ji zufa tana bin bayansa, ya ji barandar ta ɗauki zafi kamar an cire rufin. Ya taka ya je ya tsaya tsakaninta da bangon.

"Shugaba."

Ta ɗago a hankali, ta neme shi har ta same shi.

"Au, Dakta. Ashe an gama fentin."

Shi ya gwada ta, don aikinsa ne. Ta karanta allon gaskiya har ƙasa da na dama. Da na hagu ta tsaya a layi na biyu, don wannan ba kwalin gida ba ne da ta riga ta haddace. Wannan karon ya bi katin har cikin ɗakin likita, abin da bai taɓa yi ba.

Likitar sabuwa ce, ba ta fi sa'ar Auta ba, tsohon ya daɗe da barin aiki. Ta hura iskar, ta haska fitila, ta sa ta bin wani ɗan haske da ido. Ta daɗe tana rubutu.

"Hawan jinin ido ne, Mama. Na hagu ya riga ya tafi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Na dama saura kamar mai leƙe ta bututu. Shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa, da magani kullum, babu fashi. Tun yaushe kike karo da abubuwa?"

"Shekara biyu," in ji Auta. Ba likitar take kallo ba.

Likitar ta ajiye biro. "Baba, kai da kake nan kullum? Ƙofa ɗaya ce tsakaninmu."

Biro ukun da ke aljihunsa ya taɓa ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma, bayan Auta ta gama faɗanta ta tafi gidanta, ya jawo kujera kusa da keken ɗinki ya faɗa mata komai. Kafinta, malama, direba, har tara. Zafin firam. Ya faɗa mata wanda yake tsoron ta gani, amma bai iya kiran sunan ba, sai ya ce "yaron nan." Ta saurare shi tana juya kan keken da tafin hannu, gaba, baya, babu zare a ciki.

"Wato saboda hoto."

"Ba hoto ba ne, zane ne."

"Au, zane. Na gode da gyara, Dakta." Ta saki kan keken. "Mutane garin gyaran gira suke rasa ido. Kai ko girar ba ka gyara ba."

"Na yi kuskure."

"Ka yi."

Ya jira. Waje yara suna buga ƙwallo a jikin katanga. Ya matso da kujerar.

"Shugaba, me kika gani?"

"Gona."

"Sai me?"

"Furanni. Ja ne ko? Sun yi kyau. Da zan samu yadi mai irin su."

"A gindin itacen nake nufi. Kin daɗe a wurin."

Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, yadda yanzu take yi in tana son ganin mutum, ta saka shi cikin ɗan abin da ya rage mata.

"Shekara biyu kana riƙe da naka a ciki, kana kallona ina karo da ƙofa. Bari ni ma in riƙe nawa, in ji yadda ake ji."

Ya roƙe ta. Ya haɗa ta da Allah, ya haɗa ta da iyayenta. Ta tashi ta laluba hanyar kicin.

Wata biyun nan da suka biyo baya, Rufe-Ɗaya ya ɗauki hutun da bai taɓa ɗauka ba. Ya hana ta fita ita kaɗai. Ya ɓoye wuƙaƙe, ya daina barin ta kusa da wuta, har ya koyi dafa shinkafa, wadda ta ce in zanen bai kashe ta ba ita za ta yi. In ta yi tari ya taso. In ta yi barcin rana ya tsaya a kanta yana kallon numfashi, har ta buɗe ido ta ce, "Ina nan, je ka zauna." Yana yi wa kwanakin alama a bayan kwalin nan na haruffa. Kwana sittin suka cika, ta tashi da safe ta ce masa shayi ya yi ruwa.

Yanzu shekara uku ke nan. Tana nan da ranta, ta ma ƙara ƙiba. Ɗinki ya gagare ta, sai dai ta zauna ta gaya wa masu kawo yadi inda telan da suka koma wurinsa ya cuce su. Shi kuma ya koma aiki, yana nuna haruffa, yana wuce bangon da ido a kan kati. Abu ɗaya ya canza: duk wanda ya ce masa yana karo da ƙofa, ko ya karanta har ƙasa, da kansa yake riƙe hannunsa ya kai shi ɗakin likita.

Amma bai sani ba har yau. Wata rana ya ce a ransa ba ta ga kowa ba, fenti ne, tsohon likita ya yi gaskiya. Wata rana ya ce ta gani, an kira ta, ta ƙi zuwa, don mace ce da shekara talatin ba ta taɓa amsa kiran farko ba. Wata rana kuma ya ce ko lissafin ne bai yi daidai ba, wata biyun nata daban ne. Ya gwada dabaru. Ya sako zancen yaron a tsakiyar hira yana satar kallon fuskarta, ta ce masa ya miƙo gishiri. Ya tura Auta ta tambaya, Auta ta dawo ta ce, "Ta ce in tambayi Dakta, shi ne masanin ido."

Falonsu kuwa ya cire duk abin da ke bango, har kalanda, ya shafe shi da farin fenti da hannunsa.

Asabar ɗin da ta wuce, ana tsakiyar zafin rana, ya fito da kwalbar maganinta, don shi ke ɗiga mata sau uku a wuni, bai taɓa fashi ba. Ya same ta zaune a kujera, ta juya wa taga baya, tana fuskantar farin bangon. Ya zo gabanta ya tsaya yana girgiza kwalbar.

"Shugaba, lokaci ya yi. Ɗaga kai."

"Matsa," in ji ta a hankali. "Ka tare min."

Gefen bakinta ya ɗan motsa. Shekara talatin da uku suna tare, har yanzu bai iya bambance murmushinta na tsokana da ɗayan ba. Bai waiwaya ba. Ya matsa gefe, ya tsaya da kwalbar a hannu, yana jira ta gama.